Hayar Benen Mounkaila

A tashar Parakou, Mounkaila yana jiran motar Djougou, yana cika wa wani baƙo ɗan Djougou baki.

"Malam, har ofis gare ku a Djougou? Ɗakin goro kuke saka wa tebur! Benena na nan unguwar Banikanni kuwa, da fanka da tarho, sai manya."

"Mu dai 'yan goron suna biyan haya duk wata," in ji baƙon. "Kai wane babba ka samu, Alhaji?"

"Kwamitin juyin juya hali."

"Lallai ka haye! Nawa suke ba ka?"

Mounkaila ya waiwaya, ya sassauta murya. "Suna dai ce mini kamarad, wai abokin gwagwarmaya."

"To, me za a yi a ƙauyen namu?"

"Wurin ƙanena zan zauna. Har ɗakin kwanana sun sa wa tebur."