Koren Ɗigon Alhaji Mamman

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Zariya, bayan ƙaramar sallah, Inna ta sayar da tunkiyarta ta ba ni kuɗin mota. Na sauka Agege da jaka ɗaya da laftof mai fasasshen gilashi, irin wanda ku yanzu ko kyauta ba za ku karɓa ba.

Ɗaki na kama a gidan wata Iya Risi, wadda kullum sai mun yi a kan wuta.

"Malam, injin ɗin nan naka ya fi firjina shan wuta."

"Iya, ko fanka ta fi shi."

"Fanka tana ba ni iska. Shi me yake ba ni?"

Amma da yamma ita ce mai aiko mini da amala. Har yau ban ƙara cin irinta ba.

Wanda ya ɗauke ni aiki Oga Bashir ne, haifaffen Agege, jikan wani tsohon soja Bakatsine. Magana ɗaya zai fara ta da Hausa, ya ratsa ta Yarbanci, ya sauka a Turancin buroka. Dillalan tumatir na kasuwar Mil 12 ne suka ba shi kwangila. Suna da allo inda ake rubuta motar da ta iso da layin da za ta sauke kaya, suna so allon ya koma shafin intanet, mutum goma su rubuta lokaci ɗaya, kowa ya gani nan take. Oga yana kiran abin "kolabo", yana wani turo baki kamar mai hura koko.

"Ba za mu gina injin da kanmu ba, Habu," in ji shi. "Mu biyu ne, kuma ka ga yadda wuta take. Akwai kamfanonin da ke ba da hayar irin wannan. Zaɓo ɗaya. In ya yi, ka zauna. In bai yi ba, ka san hanyar tashar Ojota, abi?"

Uku na gwada. Na farko injunansa suna nesa ƙwarai, sai ka rubuta ka yi hamma kafin ɗan'uwanka ya gani. Na biyu ba shi da ado ko kaɗan, sai dai in sabis ya yanke yakan riƙe rubutun har ya dawo. Na uku kuwa ɗan gayu ne: duk wanda ya buɗe shafin, sunansa zai fito a sama da koren ɗigo. Shekarata ashirin da huɗu. Kun san wanda na zaɓa.

Ranar farko da aka buɗe shafin, kafin hantsi, Oga ya kira ni yana ihu. Na hau danfo, ƙaramar bas ta haya, na isa kasuwa. Motoci bakwai jere a rana, ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwanduna, direbobi suna zage-zage, shafin kuma fayau, ba wanda ya rubuta ko harafi. Na duba, komai na aiki. Na tambayi wani dillali, Sabo, me ya hana shi rubutawa. Ya nuna mini wayarsa.

"Ba ka ga Alhaji yana ciki ba?"

Alhaji Mamman shi ne shugabansu. Ya buɗe shafin bayan sallar asuba, ya jefa wayar aljihu, ya tafi jana'iza Ketu. Ɗigonsa na nan kore shar.

"To ai ba ya kallo," na ce.

"Kai ka sani. Ni in riga Alhaji rubutu yana tsaye a kaina? Wa ya raine ni?"

A ƙarshe tsohon allon aka jawo daga bayan rumfa. Oga ya ba ni mako guda. Na rubuta wa kamfanin su ɓoye ɗigon, suka ce haka aka gina abin, shi ne ma abin taƙamarsu.

Kwana uku na yi zaune kan kwando ina kallon allon nan, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe in Alhaji yana wurin ba mai taɓa alli. Shi kuwa ya san haka, sai ya tashi da gangan ya tafi wurin mai shayi, ya ba su baya. Su rubuta, su yi gardama, su goge. In ya dawo ya duba, ya gyara layi ɗaya ko biyu, ya ce a sauke.

Na koma kan kamfani na biyu, marar adon. Ba suna, ba ɗigo. Na ƙara maɓalli guda a wayar Alhaji kaɗai, na amincewa. Da na nuna masa ya daɗe yana juya wayar.

"Yanzu ba su san ina gani ba?"

"Ba su sani ba, Alhaji."

"Kai ma kar ka gaya musu. Sabo! Cika wa yaron nan kwando."

A okada, wato acaɓa, na kai kwandon tumatirin Agege, ina rungume da shi. Iya Risi ta yi mako tana rabon miya a layinmu.

Shekara huɗu na yi wurin Oga Bashir. Da Inna ta fara ciwon ƙafa na ce zan koma gida. Shi da kansa ya kai ni tasha, yana ta faɗa da masu danfo a hanya. Da motarmu ta tashi ya bi ta da gudu, ya buga taga, ya cusa mini burodin Agege guda biyu, ya juya ya tafi.