Lambar Yabon Marigayi Baba Usur

Mai girma Shugaban wannan taro, mai girma Shugaban Kwaleji da mataimakansa, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Ƙwallon Kwando da Sakatarensa, malamai iyayenmu, tsofaffin 'yan wasa da na ga wasunku yau da furfura da tumbi har na kasa shaida ku, magoya baya na da da na yanzu, ɗalibai maza da mata, da sauran jama'ar da suka cika wannan zaure har bakin taga, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da gayyata, ina godiya da kujerar da aka ba ni a sahun gaba. Ina godiya da wannan ƙaton hoto na mahaifina da kuka kafa a kan dandamali, kuka yafa masa baƙin ƙyalle. Ina kuma godiya da shirun da kuka tashi tsaye kuka yi masa ɗazu. Na taso ina shigowa wannan zaure, ban taɓa jin ya yi tsit haka ba, ko a ranar da aka cinye mu a wasan ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce babbar 'yar kocin da kuka taru domin karramawa, wanda kuka fi sani da Baba Usur, saboda usur ɗin da ba ya rabuwa da wuyansa. An kira ni in karɓi lambar yabo a madadin marigayi. Shugaban taro, ka ɗan riƙe ta tukuna, ina da magana, kuma ina roƙon a bar ni in kai ƙarshenta.

Magana ta farko ita ce, mahaifina bai mutu ba.

Ku zauna, don Allah ku zauna. A taimaka wa Sakatare da ruwa. Na ce Baba Usur yana nan da ransa. Yau da safe ni na haɗa masa shayi, ya sha, ya ce sukari ya yi kaɗan. Wanda ya rasu shekarun baya wansa ne, baffana, mutumin da bai taɓa riƙe ƙwallo ba a rayuwarsa, Allah ya jiƙansa. Wani ya ji an yi rasuwa a gidanmu, bai tambaya ba, bai leƙo ba, ya ɗauki hoton Baba ya saka a zauren hirarku na waya. Daga nan kowa ya rubuta ta'aziyyarsa, kowa ya tura hoton fuska mai hawaye, aka binne shi a cikin waya, aka ci gaba da harkoki.

Ga kuwa yadda muka samu labarin mutuwarsa. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ba ya aiki. Ran nan ina zaune a gabansa ina yanke masa farce, waya ta yi ƙara. Hannuwana duka a cike, sai na buɗe muryarta na ajiye a kan tebur. Sai ga Sakatare da murya ƙasa-ƙasa irin ta mai gaisuwa: "Hajiya, ya ƙarin haƙurinmu? Ƙungiya ta yanke shawarar karrama marigayi mahaifinki." Na ajiye abin yankan farce. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya girgiza mini kai. Sakatare ya yi ta zuba yabo: gwarzo, uban marayu, kocin da ba a yi kamarsa ba kuma ba za a yi ba. Da ya kashe, Baba ya dube ni ya ce, "Ashe na mutu? To ai ba ki faɗa mini ba." Ya yi dariya har da tari, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka. Shi ya hana ni gyara zancen, ya ce in bari sai ranar taro.

Magana ta biyu ita ce gardamarku. Bayan wannan kira aka saka ni a zauren hirar, wai don in ga irin son da ake yi wa marigayi. Na gani kuwa. Kullum da yamma Baba sai ya ce, "Karanta mini me suke cewa," ni kuma in karanta.

Jama'a, ban san akwai mutane masu ƙarfin musu irinku ba. Rabin zauren na bayan Dogo, rabi na bayan Walƙiya, kyaftin biyu da suka yi wasa tare a ƙarƙashin Baba, ga su nan zaune a sahun gaba, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. 'Yan Dogo suna cewa ba a taɓa haihuwar mai tsaron ƙasan kwando kamarsa ba, in ya ɗaga hannu sai dai ka nemi wata hanyar. 'Yan Walƙiya suna cewa tsawo ba iyawa ba ne, ko turken fitila ka kafa a wurin zai tare ƙwallo. 'Yan Dogo su ce Walƙiya marowaci ne, ƙwallo in ta shiga hannunsa sai ka yi mata bankwana. 'Yan Walƙiya su ce in ba don rowarsa ba da ba mu ga ko kunnen kofi ba. Wani ya rantse ya ga Walƙiya ya jefa ƙwallo daga tsakiyar fili ya juya baya kafin ta shiga. Baba ya ce in tambaye shi shekarunsa nawa a lokacin, don a lissafinsa ko yaye shi ba a yi ba.

Sai kuma a dawo kan maganar koci. Wasu su ce Baba ne ya gina ƙungiyar nan da hannunsa, wasu su ce Koci Mai Tabarau da ya gaje shi ne ya zo da wasan zamani, Baba bai san komai ba sai gudu da ihu. Wasu su ce ya kashe 'yan wasa da atisaye, wasu su ce 'yan yanzu da ba a kashe su da atisaye ai ga su nan numfashi na gagararsu tun kafin hutun rabin lokaci. Duk wannan bai ɓata masa rai ba ko kaɗan. Da ɗan yatsa yake nuna mini in ci gaba. Wani lokaci ya ce, "Wannan ya yi gaskiya, Dogo bai taɓa iya hagu ba." Wani lokaci ya ce, "Ƙarya yake, Walƙiya na komawa tsaron gida, sai dai in ba na kallo." Na rantse muku, rabon da in ga idonsa da haske haka tun kafin ciwon nan ya same shi.

Amma abu biyu na karanta da suka sa na ajiye wayar na riƙe baki. Na farko, wani bawan Allah, ba zan nuna shi ba, yana cikin zauren nan, ya rubuta cewa da shi aka kai Baba makwancinsa, har ya ce fuskarsa tana ta annuri. Inna lillahi! Bawan Allah, wa ka binne? Na biyu, Mai Ganga. Kowa ya san Mai Ganga, shugaban magoya baya na wancan zamani. Shi ya rubuta cewa tun da Baba ya tafi, ƙwallon kwando ta zama marainiya a kwalejin nan. Mai Ganga, ina cikin zauren nan ranar da aka cinye mu a wasan ƙarshe. Da kunnena na ji gangarka, da kunnena na ji waƙar da ka fara, duk zaure ya amsa: koci ya tafi, koci ya tafi. Ya kuwa tafi. Ya cire usur ɗinsa ya sa a aljihu, ya riƙe hannuna muka fita ta waccan ƙofar, ba wanda ya ce masa sannu da aiki. Da na karanta masa rubutunka, sai ya ce, "Tun da na mutu suka fara sona."

Magana ta uku, ita ce ta fi yi mini ciwo, kuma ita ta kawo ni. Kun san inda gidanmu yake? Bayan katangar kwalejin nan. Baba bai taɓa tashi daga nan ba. Daga tagar ɗakinsa ana jin ƙwallo tana dukan ƙasa in ɗalibai na atisaye, har yakan ce, "Wannan yaron da tafin hannu yake buga ta, a gaya masa da yatsu ake yi." Kun san yawan makin da Dogo ya ci a wasan da aka yi tun ba a haifi rabin mutanen zauren nan ba, kun san takalmin da Walƙiya ya sa, kun san alƙalin wasan da ya zalunce mu da sunan unguwarsu, amma a cikinku duka ba a samu mutum ɗaya da ya zagaya katanga ya yi wa iyalan marigayi gaisuwa ba. Da mutum ɗaya ya zo, da marigayin ne zai amsa masa sallama.

Kullum da la'asar yana sa in tura kekensa na marasa lafiya bakin ƙofa. Ba ya faɗin abin da yake jira, amma ni na sani. In ya hango wani dogo ya shawo kwanar layinmu sai ya gyara zama, ya gyara hula, in mutumin ya wuce sai ya ce ƙura ce ta shiga masa ido. Ya ɗauka fushin wasan ƙarshe ne bai huce ba har yau. Ya ɗauka 'ya'yansa, haka yake kiranku, sun yanke masa hukunci. Shi ya sa ya yi dariya ranar da Sakatare ya kira, domin a wurinsa gara a ce kun ɗauka ya mutu da a ce kun san yana raye kuka ƙi zuwa.

Ban zo in hana ku gardama ba. Ku yi ta yi, ita ce gishirin wasan, shi kansa ya fi ku son ta. Amma na karanta masa tambayar da kuka fi maimaitawa, wai da Baba Usur na raye da wa zai zaɓa tsakanin Dogo da Walƙiya. To, yana raye. Ku tambaye shi.

Shugaban taro, yanzu na zo kan lambar yabo. Baba yana waje, a cikin mota, ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa. Tun kafin a buɗe taro yake zaune a wurin, ya sa rigarsa mai kyau. Na yi na yi ya shigo, ya ƙi. Ya ba ni saƙo, ya ce in faɗa yadda ya faɗa, kar in ƙara kar in rage. Ya ce: "Ki tambaye su. In lambar nan za a iya ba mai rai, su zo su shigo da ni. In kuwa ta matattu ce kawai, kar su damu, su ajiye ta, ba zan sa su jira da yawa ba."

Matakalar zauren nan keken marasa lafiya ba ya hawanta, ni kuma ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba. Sai mutum biyu, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Dogo, Walƙiya, an ce mini kun daɗe ba ku gaisa ba saboda surutun magoya bayanku. Ni ban san wanda ya fi wani a cikinku ba, kuma yau ban damu in sani ba. Na dai san in ɗaya ya ɗaga ɗaya bai ɗaga ba, tsohon nan faɗuwa zai yi.

Allah ya yi wa wannan taro albarka, ya albarkaci kwalejin nan da malamanta da ɗalibanta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu da gaske, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa tsofaffinmu haƙuri da mu. Allah ya ba mu ikon gaida mutum tun yana iya amsawa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

A buɗe ƙofar duka biyu, don Allah, a ba su hanya. Na gode.