Ƙashin Kunnen Saliha

A tashar Azare, Malam Bappayo ya nuna wa dattijuwar da ke gefensa takardar asibiti.

"Ta matata ce, Saliha. Likita ya ce wani ɗan ƙashi ne a cikin kunnenta ya manne, ba ya motsi. Sai an yi aiki."

"Allah ya sawwaƙe. Tana ina?"

"Gidansu, a Gololo. Shekara biyu ke nan."

"Yaji ta yi?"

"Ni na kore ta, Hajiya. A hayaniyar kasuwa tana ji sarai, a gida kuwa in yi sallama sau uku, shiru. Na ɗauka raini ne. Ashe haka ciwon yake."

"Haba Malam! Ka dai ba ta haƙuri?"

Ya naɗe takardar.

"Na bayar jiya. Kunya ta sa na faɗa ƙasa-ƙasa. Ba ta ji ba."