Na Zubar da Murafen Karatun 'Yata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

'Yata Hafsatu tana aji biyu na firamare. Kullum sai ta tsinto murafen kwalba ta baza a tsakar gida. Ranar Talata na gaji, na yi mata faɗa, na share su na watsa a bola.

Tana kuka ta ce, "Inna, haruffa na rubuta a ciki. Malama ta ce mu haɗa sunayen iyayenmu, naki saura harafi ɗaya."

Wallahi kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Na tsinto mata wasu, amma ta ƙi taɓawa. Iyaye 'yan'uwana, yaya zan lallashe ta mu zauna mu haɗa tare?

Taku, Maman Hafsatu, daga Gwiwa.