Tabkin da ke tsakaninmu da dangin Ƙonni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Umaru, ina saida hatsi a Gidan Igwai, nan Sakkwato. Na ji kun ce shugabanninmu da na Nijar za su zauna kan maganar ruwa da hamada, shi ya sa na rubuto.

Ƙauyenmu yana bakin iyaka, bayan Illela. Akwai tabki tsakaninmu da wani ƙauye na ƙasar Ƙonni a Nijar, inda ƙanwata Ige take aure. Da can duk rani mukan taru mu yashe shi, mu dasa darbejiya a gefensa. Da babban fari ya zo, aka yi faɗa kan shayar da shanu, har aka zubar da jini. Gayya ta mutu, rairayi ya cinye rabin tabkin, Ige kuma ta daina zuwa gida.

Bana tsohuwarmu ta kwanta ciwo. Mijin Ige, Isuhu, ya kawo matar tasa bisa jaki, da dashen itace a kwando. Ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, "Inna, ruwan nan bai san iyaka ba." Ta riƙe hannunsa ta ce, "To ku yashe shi tun ina da rai."

Mun yashe shi, ƙauyuka biyu. Inna ta sha ruwansa kafin ta rasu.

Don Allah ku ba mu shawara, ta yaya maganarmu za ta kai wurin zaman nan? Ina gaida Ige da Isuhu.