Malam Atiku Ɗangiwa, Mai Sauraron Rijiyoyinmu

Jawabin da Malam Sambo Ɗanmaliki ya gabatar a madadin kwamitocin ruwa na Tambuwal da Kebbe, ranar addu'ar kwana arba'in.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa da wakilansu. Masu girma shugabannin ƙananan hukumominmu biyu. Allah gafarta malamai da limamai. Hakimai da masu unguwanni da suka taso daga ƙauyuka tun da safe. Malam Dawuda, yayan marigayi kuma babban wannan gida. Lauratu, 'yarsa tilo, da maigidanta da 'ya'yanta. Iyayenmu mata da ke jin mu ta lasifika daga cikin gida. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni tsohon hedimasta ne daga Kebbe. An zaɓe ni in yi magana ne don an ce na fi kowa kusa da marigayi. Da aka faɗa mini haka sai na ji kunya, domin sau huɗu kacal na taɓa shiga ɗakinsa a cikin shekara bakwai. In ni ne na kusa, to ku auna yadda sauran suke.

An haifi Malam Atiku a wannan gida na karatu. Ya sauke Alƙur'ani a wannan zaure, kuma mahaifinsa ya so ya gaje shi wajen karantarwa. Amma shi tun yana ƙarami ƙarfe ne ya ja hankalinsa. Ya kama aikin ruwa jim kaɗan bayan an ba mu jihar Sakkwato, a shekarun da arzikin man fetur ya buɗe. Dattawan da ke nan sun tuna. Manyan motoci su shigo ƙauye, a haƙa burtsatse, a ɗora injin dizal, a yi taro a yi tafi, a watse. Bayan wata shida inji ya tsaya, labari ba ya isa ofis sai an yi wata biyu. Sannan a tura Atiku bisa babur, da jakar sifana a baya.

Ya kasance mutum ne da ba ya fushi da inji. Wata rana ya ce mini, “Sambo, lalacewa ba ta ba ni haushi, ƙarfe na, dole shi gaji. Abin da ka cin raina, in zo in iske mata sun koma kududdufi tun watan jiya, ni ban sani ba.”

Shekara talatin da biyar ya yi a kan haka. A shekarar da ya yi ritaya ne Allah ya karɓi matarsa, Malama Kaltume. Lauratu tana aure a Sakkwato. Ya rage shi kaɗai a gidansa na bakin garin Tambuwal, ta hanyar Kebbe. An yi masa maganar ƙarin aure, ya yi godiya, bai yi ba.

Bayan haka ne wata ƙungiyar agaji ta zo ta sa mana famfuna masu aiki da hasken rana a ƙauyuka ashirin da shida, daga wajen Sanyinna har can ƙuryar ƙasar Kebbe. A jikin kowane tanki suka liƙa wani ɗan akwati mai layin waya a ciki, da eriya a can ƙoli. Duk bayan minti goma sha biyar akwatin zai aika saƙo: famfo na aiki ko ya tsaya, ruwan tanki ya kai kaza, an ɗebi kaza. Saƙon yana tafiya ne zuwa wata babbar kwamfuta ta ƙungiyar, wadda ba a kashewa. Shekara biyu suka yi, aikinsu ya ƙare, suka kashe kwamfutarsu suka tafi.

Mu ba mu damu ba, tunda ruwa na zuba. Shi ne ya zo har Kebbe ya same ni. Ya kai ni gindin tankinmu, ya nuna mini wata 'yar fitila koriya da ke ƙyaftawa a jikin akwatin.

Ya ce, “Ka ga wagga? Har yanzu shina aikawa. Duk ashirin da shidan suna sallama, ba mai amsawa.”

Na ce, “To Malam Atiku, mi za mu yi? Masu abin sun tafi.”

Ya ce, “Ni za ni amsa.”

Yana da shekara sittin da biyu a lokacin, bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Wata biyar yana hawa bas zuwa Sakkwato sau biyu a mako yana koyo. Ya gano ana ba da hayar irin wannan babbar kwamfuta, tana can wata ƙasa, kai kana nan kana duba abin da ya shigo mata. Masu sana'ar suna ce mata saba, shi kuwa uwar garke yake ce mata. Ya kama hayar guda. Sannan ya bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya hau tsani, ya buɗe kowane akwati, ya sauya masa adireshin da zai riƙa aikawa. Ya koma gida ya zauna jira. Babu abin da ya shigo.

Mako uku yana jira. Ya sake zagaye ƙauyuka tara yana zaton shi ne ya yi kuskuren lamba. Ashe a can wajen masu hayar ne aka rufe ƙofar da saƙonnin za su shiga ta cikinta, su kuwa ba sa buɗewa sai an roƙa. Ya rubuta musu da ɗan Turancinsa, aka ba shi amsar da bai gane ba, ya sake rubutawa. Ranar wata Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara.

“Sambo! Sanyinna ta yi magana! Tanki ya kusa cika!”

Na ce masha Allah, amma ina cikin taro, zan kira shi. Daga baya ne ya gaya mini, yana dariya, cewa da ya ga layin farko ya fito a allo, sai ya juya ya ce, “Kaltume, zo ki gani.” Sannan ya tuna. Ya fita ƙofar gida bai ga kowa ba, shi ya sa ya kira ni.

Ya kasance daga ranar nan ba ya nisa da ɗakinsa. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, kwamfuta, buta, da tabarmar salla. Ya kasance kowace safiya yana aika wa kowane kwamiti saƙo a waya: naku lafiya, ko kuwa ku wanke farantan sola, ƙarfinsu ya ragu. Ya kasance yana sanin famfonka zai lalace kafin kai da ke zaune a gindinsa ka sani. Mu kuma, jama'a, me muka ce? Mu faɗi gaskiya yau. Mun ce tsufa ya zo masa da kallon lambobi. Mun ce ya ƙi mutane. Ana ɗaurin aure sai ya zo ya yi fatiha ya koma, muna cewa girman kai ne. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake gani a cikin lambobin nan.

Bari in gaya muku abin da ya gani a watan Agusta, shekara uku da suka wuce.

Akwai Tungar Jumare, can bayan Kebbe, inda hanya take yankewa da zarar damina ta nutsa. Waya ba ta shiga garin, sai dai eriyar akwatin da ke ƙolin tanki. Wata safiya Malam Atiku ya ga tankinsu a cike, famfo lafiya, amma tun jiya ba a ɗebi ko bokiti ɗaya ba. A gari mai mutum wajen ɗari uku. Ya ce ko na'urar awon ce ta maƙale, bari ya ga gobe. Gobe ta yi, tanki na nan a cike. Ya kira ni.

Na ce, “Damina ta, Malam. Ruwan sama suka tara.”

Ya ce, “A'a. Bara da damina suna ɗiba. Akwai abin da ya faru.”

Na ce ya bari rafi ya janye. Bai saurare ni ba. Ya hau babur, yana da shekara sittin da shida. Inda babur ya kasa, ya ajiye shi a wata ruga, ya ɗora jakar sifana a ka, ya ratsa rafi ruwa iya ƙirji. Ya isa bayan azahar. Ya tarar bututun da ke saukar da ruwa daga tanki ya toshe, mutane sun koma shan kududdufi, amai da gudawa ya shiga gidaje shida.

Namadi, mai kula da famfon garin, yana nan zaune a cikinmu. Shi ya ba ni labarin sauran. Ya ce Malam Atiku bai zauna ba, bai ko sha ruwa ba. Ya kwance bututu ya gyara, ya sa aka zubar da duk ruwan da ke cikin randuna. Sannan ya hau tsanin tanki har ƙoli, inda ake samun sabis, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya yana kiran ma'aikatan lafiya na Kebbe. Washegari suka iso. Mutum goma sha tara suka kwanta, goma sha bakwai suka tashi. Yara biyu suka rasu, ɗaya 'yar Namadi ce.

Mu mun ce ya ceci gari. Shi bai taɓa yarda ba. Da na yi masa barka, sai ya ce, “Na gani tun Litinin, Sambo. Sai Talata na tashi.” Namadi da kansa ya zo Tambuwal ya ce masa, “Baba, kwananta na ya ƙare, ka bar wanga zance.” Ya ce ya ji. Amma tun daga nan ya ƙara shiga ɗaki. Kwana ɗaya ɗin nan shi kaɗai ya riƙa ɗaukarsa, mu kuwa muka bar shi da shi.

Ranar da zai rasu, saƙon safe bai zo ba. Na duba wayata da hantsi, na ce wataƙila sabis ne, zan kira shi an jima. Ban kira ba. Ba a gan shi a masallaci da azahar ba, ba a gan shi da la'asar ba. Maƙwabcinsa ya tura ƙofa, ya same shi a kan kujera, kansa a jingine da bango, kwamfuta a buɗe, saƙonni na ta shigowa. An yi masa sutura kafin magariba. Mafi yawan ƙauyukan da ya yi wa hidima ba su ji ba sai da aka kwana biyu.

Malam Dawuda, kai ka karantar da ɗaruruwa a wannan zaure, kowa ya san ladarka. Muna shaida maka ƙanenka bai bar tafarkin gidanku ba, ta wata ƙofa ya bi. Ka yi haƙuri, Allah ya ba ka juriya.

Lauratu, 'yata, na ji kina cewa da kin sani da kin ɗauke shi ya koma wurinki. Kin roƙe shi, mun sani, shi ne ya ƙi. Kada ki ɗora wa kanki abin da yake namu. Ke kina da nisa, mu muna wucewa ta ƙofar gidansa duk ranar kasuwa.

Ranku ya daɗe, akwai roƙo. Akwatunan nan ba su san ya rasu ba. Kwana arba'in ke nan suna aikawa. Lauratu ce take dubawa daga Sakkwato gwargwadon abin da ta gane, kuma jiya ta ce mini famfuna uku sun tsaya. Muna roƙon a samo waɗanda za su zauna a wannan kujera. Kuma kada a sa mutum ɗaya. A sa biyu ko uku, su riƙa karɓar juna, su sami wanda za su yi wa magana.

Ba za su fara daga duhu ba. Lauratu ta sami wani littafi a aljihun teburinsa, ya rubuta yadda ake yin komai dalla-dalla, wani wuri da boko, wani wuri da ajami. Kowane ƙauye da shafinsa. Na zaci lambobi zan gani. Sai na ga ya rubuta, a wani shafi, cewa mai kula da famfon garin ba ya ji da kunnen hagu, a ɗaga masa murya. A wani shafin ya ce a nemi matar mai unguwa, ta fi mijinta sanin famfo. A wani ya ce kada a kira wane ranar Laraba, yana kai mahaifiyarsa asibiti. Na buɗe shafin Kebbe, na ga sunana. Ya rubuta: “Sambo yana da hidima da yawa. In bai ɗauka ba kada ka ji haushi, mutumin kirki ne.”

Na rufe littafin, ban iya ci gaba ba.

A madadin kwamitoci ashirin da shida, muna godiya ga iyayen ƙasa da shugabanni da malamai da suka halarta, da wannan gida da ya ba mu wuri, da duk wanda ya baro gonarsa ya zo.

Ya Allah, ga bawanka Atiku ɗan Malam Ɗangiwa. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama. Ya shayar da bayinka, ka shayar da shi daga Alkausara. Ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ya Allah, ya daɗe yana zaune shi kaɗai a nan duniya. Kada ka bar shi shi kaɗai a can. Ka haɗa shi da Kaltume da iyayensa a Aljanna Firdausi. Mu kuma ka yafe mana abin da muka gaza a kansa, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Amin. Allah gafarta Liman, a ja mana fatiha.