Hannun Kurar Baba

A gaban rumfar mai sayar da ƙarfe a kasuwar Kura, cikin 2006, wani direban tifa ya tare wani dogon mutum da ke turo kura a sunkuye, da tukwanen gas biyu a kai.

"Malam, wa ya yi maka wannan waldar?" in ji direban.

"Ni na yi. Sha'awa ce kawai, manomi ne ni. Kurar mahaifina ce, da ita yake fitar da tumatir tun farkon sakin ruwan noman rani a Kadawa. Zobe da sarƙa na sa mata, kada tukwanen su faɗi."

"Zoben ya yi. Amma hannun nan na gajeren mutum ne. Yanke shi ka ɗaga, kafin bayanka ya lalace."

"Bututun da zan ƙara wa hannun na zo saya. Ba yau na fara zuwa ba."

"Me ya hana?"

"Taɓa nan. Ka ji santsi? Ba inji ne ya goge shi ba, tafin hannunsa ne."

"Allah ya jiƙansa. Amma haka za ka ƙare a duƙe?"

"Amin. To, da yana raye, a tsaye nake gaishe shi?"

Ya juya kurar, bai sayi komai ba.